Ɗan Gida a Buhun Waje

Wani mafarki na yi a daren jiya, kuma har yanzu da nake wannan magana bai gama sakina ba.

Bari in fara faɗin ko ni wane ne, in ba haka ba mafarkin ba zai zauna daidai ba. Sunana Hashimu. A wani kamfanin casar shinkafa da ke bakin gulbi a Argungu na girma, tun ina riƙe bakin buhu ana zubawa har na zama mataimakin manaja. Da manajanmu ya tsufa ya ajiye aiki, mutane suka fara yi mini murna tun ba a ce komai ba. Sai mai kamfanin, Alhaji Nomau, ya ɗauko wani Injiniya Sagir daga Kaduna ya ɗora a kujerar. Ban yi faɗa da kowa ba. Na bari damina ta wuce, na yi sallama, na karɓi aikin manaja a wani kamfanin shinkafar a nan Haɗeja. Sai da na iso na tarar da abin da ba a gaya mini ba. Ashe a nan ma akwai mataimaki, Malam Ilu, dattijo mai furfura a gemu, wanda aka riga aka fara yi wa murna kafin in zo. Kullum yana gaishe ni da ladabi, har da ɗan rusunawa. Amma tun zuwana ma'aikatan da suka taso a hannunsa suke sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kuma a makon nan na ji ƙishin-ƙishin shi ma ya samu wani wuri a Kano. Da wannan a raina na kwanta.

Sai na gan ni ina tafiya wurin aiki da hantsi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa. Yana ɓullowa ta tsakanin tsakuwa, ya wuce ta gefen kunnen mutum, ya haura sama inda gajimare ke jiransa. Mutanen gari sun ɗora takalmansu a ka don kada su jiƙe. Wani mai shayi ya kifa tukunya a kan sanda yana tarar ruwa. Ban yi mamakin komai ba, abin da ya dame ni kawai shi ne na makara.

A ofishina na tarar da wata jar akuya mai santsin fata, ta sa tabarau, ta hakimce a kujerata. Na yi sallama ta amsa, ba ta daina tuƙa ba. Ta ce ita ce mai kula da harkar ma'aikata, kuma tun ɗazu take jirana. Na gaya mata cikin ladabi cewa kujerar da take kai tawa ce. Maimakon ta tashi, sai ta tambaye ni ko na san inda ake ajiye butar alwala. Na ce bayan janareto. Ta tambaye ni wace taga ce ba ta rufuwa. Na ce ta gabas. Ta cire tabarau, ta dube ni kamar mai shirin yin ta'aziyya.

"To ka gani, Malam Hashimu, ka zama ɗan gida. Ɗan gida kuwa ba ya hawa kujera."

Na nemi sanin dalili. Ta ce ai ɗan gida an san shi. An ga ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, an san yadda yake atishawa, kuma ba a ɗora mutumin da aka san atishawarsa a kan jama'a. Bayanin ya shige ni sosai, har na ji kunyar tambayar da na yi. Ta ce kada in damu, abin yana da magani. Ta sauko, ta kama gefen rigata da haƙori, ta ja ni zuwa ɗakin inji.

Can na ga ma'aikatanmu sun yi dogon layi. Duk wanda layi ya zo kansa sai ya tuɓe takalmi, ya hau tsani zuwa bakin injin, inda muke juye shinkafar da ba a casa ba, ya juyo ya ɗaga wa jama'a hannu, ya faɗa ciki. Injin ya yi gurnani na ɗan lokaci. Ta wani bututu ɓuntu ya fita, ta ɗayan kuma mutumin ya zubo tas, yana ƙyalli, babu ko tsakuwa ɗaya a jikinsa. Nan take a saka shi a sabon buhu mai rubutun wata ƙasa, a bar masa kai a waje don ya iya gaisawa.

Na ga Talle mai ɗinkin buhu ya fito. Na matsa na ce masa sannu da fitowa. Ya amsa da fara'a irin ta baƙo, ya tambaye ni ko ina ne banɗaki a wannan kamfani. Shi ne kuwa ya kafa wa banɗakin ƙofa da hannunsa.

A bakin ƙofa babbar mota ɗaya ce ke kaiwa tana kawowa. Ta kwashe namu ta kai wani kamfani, ta kwaso na can ta sauke mana. Waɗanda aka sauke ana tarbarsu da lemo mai sanyi, ana ba su manyan ofisoshi, suna ta tambayar inda makunnin fitila yake. Na ce wa akuyar, a ganina duk shinkafar ɗaya ce. Ta ce ƙwarai kuwa, buhun ne ya bambanta. Amma ta ce in yi adalci, ɗan gida ma yana da nasa aibin. Akwai wani da ya daɗe a wuri ɗaya har gero ya tsiro masa a kafaɗa, kuma duk abin da aka ce a canza sai ya ce ba haka ake yi ba tun zamanin tsohon manaja. Ta ce baƙo yana shigowa yake ganin ramin da mutanen gida suka daina gani don sabo. Tana faɗin haka ta tsallake wani ƙaton rami a tsakiyar ɗakin, ni ma na tsallake, muka wuce.

Bayan ginin muka zagaya, inda bututu ke zubar da ɓuntu. Tsibin ya kai tsayin rufi, kuma yana magana ƙasa-ƙasa. Na durƙusa na kasa kunne. Na ji dariyar Talle, da 'yar waƙar da yake yi ta hanci idan yana ɗinki. Na ji sunayen tsokana da 'yan dako ke kiran juna, da muryar wani yana cewa bel ɗin inji na hagu ba ya son a matse shi da safe, da wata tana tambayar ko jikin mahaifiyar wane ya yi sauƙi. Na ɗebi ɗan kaɗan a tafin hannuna, da ɗuminsa. Na tambayi akuyar me ake yi da shi. Ta ce da shi suke kalaci. Ta sunkuya ta lashe wanda ke hannuna, dariyar Talle ta yanke a tsakiya.

Sai ga ni a cikin kwalekwale. Malam Ilu ne ke tuƙi da doguwar gora, yana tsaye a baya, ya naɗe ƙafar wando. Ruwan da ke hagunmu kogin Haɗeja ne, na dama kuma gulbin Argungu, kowanne yana gudu zuwa nasa wajen, mu kuma muna bin tsagar da ke tsakaninsu. Kifaye sun bi ruwan da ke hawa sama, masunta suna jefa taru cikin iska suna jawo su ƙasa.

Na tambaye shi ina za mu. Ya ce aikin mataimaki ne ya kai manaja inda hankalinsa yake, kuma tun ranar da na zo ya lura nawa hankalin ba a Haɗeja yake kwana ba. Daga nan na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko yana jin haushina.

Ya ce ko kaɗan. Abin da ke damunsa kawai wata farar babbar riga ce da ya kai aka buga masa ita, don ranar da ya zaci za a sanar da sunansa. Ya ce da aka sanar da nawa, shi ya koma gida, amma rigar ta ƙi binsa. Har yau tana tsaye a barandar ofis ita kaɗai, ta harɗe hannuwa a baya, tana jiran a kira ta. Wani lokaci yakan kai mata ruwa.

Na ce ni ma ina da irinta, shuɗiyar shadda.

"Na sani, ranka ya daɗe," in ji shi. "Suna gaisawa."

Kwalekwalen ya tsaya a gindin durumin da ke farfajiyar tsohon kamfaninmu. Rana ta take, an kashe inji don cin abinci, kuma ƙamshin ne ya fara tarbata: tuwon shinkafa da miyar kuka ta busasshen kifi, irin wadda Inna Kulu kaɗai ke iya kaɗawa. Ita ce ke dafa wa ma'aikata abinci tun ina saurayi. Ga mutanenmu nan sun kewaye babban faranti a kan tabarma, kafaɗa na gugar kafaɗa. Na hango wurina, daidai inda wata saiwa ta kunno daga ƙasa ta lanƙwashe, wadda nake jingina da ita in na ƙoshi. Na sauka da sauri, na tuɓe takalmi, na naɗe hannun riga.

Suna ganina suka miƙe gaba ɗaya, suna goge hannu. Alhaji Nomau ya taho da sauri ya kama hannuna da hannu biyu, yana ce mini ranka ya daɗe, shi da ya saba aika ni sayen goro. Ya ce sun daɗe suna neman mutum irina, wanda ya ga duniya, ya san yadda ake aiki a nesa, kuma labarina ya iso musu tun daga Haɗeja. Na ce, Alhaji, ni ne fa Hashimu. Fuskarsa ta yi laushi. Ya ce Allah sarki, su ma sun taɓa yin wani Hashimu, yaron kirki, ba ya ƙyuya, injin ko tari ya yi ya san abin da ke damunsa. Ya ce har yanzu da safe yakan ƙwala masa kira kafin ya tuna ba ya nan.

"Da irinka ne shi, da tuni na ba shi kujerar," in ji Alhaji. "To amma yaron gida ne."

Aka ɗauko kujerar manaja daga ofis, mutum biyu suna riƙe da ita, aka ajiye a inuwa, nesa kaɗan da tabarma. Aka zaunar da ni. Ita ce dai, baƙar fata mai juyawa, wadda na yi shekaru ina kallo ta taga. Taushinta ya kai yadda na zata, har ya fi. Kowa ya koma ya zauna, aka ci gaba da cin tuwo, amma an rage murya saboda baƙo.

Inna Kulu ta zo da nawa abincin daban, a farantin tangaran, da cokali da tsumman goge baki. Ta durƙusa ta ajiye, ta ce Yallaɓai ya yi haƙuri da abincin ƙauye. Na sunkuya na ce mata, Inna, ni ne mai satar miki ƙanzo a tukunya. Ta yi 'yar dariya ta girmamawa, ta ce baƙin birni akwai barkwanci. Na hango wani ɗan kwano a rufe a gefen murhunta, na san abin da ke ciki. Na roƙe ta ta ba ni shi a maimakon wannan.

Ta ce in gafarce ta, duk abin da ke gidan nan nawa ne ban da kwanon nan. Na wani yaronta ne da ya yi tafiya. Kullum sai ta kankare masa ƙanzo ta rufe, ko zai dawo da yunwa. Ta ɗauki kwanon ta matsar da shi bayanta, yadda ba zan gan shi in yi kwaɗayi ba.

A lokacin ne na lura kujerar tana tsawo. Ruwan da ke tasowa daga ƙasa ya shiga ƙafafunta, suna tofo kamar rake. Ƙafafuna suka bar ƙasa. Na fara ganin tsakiyar hulunan mutane. Da na duba wurina a bakin faranti, sai na ga Injiniya Sagir zaune a ciki, ya naɗe hannun riga yana kai loma, 'yan dako suna tsokanarsa yana ramawa. Ya ɗago kai ya gan ni. Ya ce da safen nan aka karɓe kujerar daga hannunsa, domin ya daɗe har an sa masa sunan tsokana, kuma gaskiya tun da ya bar Kaduna bai ci abinci ya ji gishiri ba sai yau. Abu ɗaya ne ke damunsa. Saiwar nan tana sukar sa a baya, da alama ta saba da bayan wani. Ya tambaye ni ko na san yadda mai wurin yake jingina.

Na so in ce masa ya ɗan karkata hagu, ya sa gwiwar hannu a lanƙwasar. Na faɗa, amma na yi nisa, ruwa ya ɗauke maganar ya yi sama da ita. Na ga Injiniya ya kai hannu kunne, sannan ya haƙura ya koma ga tuwonsa.

Kujerar ta ratsa rassan durumi ta fita. Daga can na hango kamfanoni birjik har iyakar gani, na shinkafa, na man gyaɗa, na fata, na sabulu. A kowanne akwai mutum zaune a doguwar kujera irin tawa, da faranti a cinya bai taɓa ba, ya juya fuska yana kallon garin da ya baro. Wani daga nesa ya ɗaga mini cokali, ni ma na ɗaga masa nawa. Sai gajimare ya rufe ni, sanyi ya ratsa ni, na ji kaina ya bugi wani abu mai tauri. Na tura, ashe murfi ne. Na fito ta cikin ramin nan na tsakiyar ɗakin injinmu na Haɗeja.

Layi ya ƙare. Ɗakin ya yi fayau, babu kowa sai takalma a jere, da akuyar tsaye ta ɗora kofato a kan makunni. Malam Ilu kaɗai ya rage, ya riga ya kai tsakiyar tsani. Ya ajiye takalmansa a gefe daf da juna, ya ninke hularsa ya ɗora a kai, kamar mai shirin shiga wanka a kogi.

Na ruga, amma gudun mafarki ne, ƙafa tana nutsewa a siminti kamar a taɓo. Da ƙyar na kai tsanin, na hau, na damƙi gefen rigarsa daidai lokacin da ya ɗora ƙafa ɗaya a bakin injin. Ya juyo ya dube ni, babu fushi babu murna. Na roƙe shi kada ya shiga. Ya tambaye ni, a tsanake, me zai tsaya yi.

Na ce zan ba shi kujerar. Akuyar ta yi gyaran murya daga ƙasa, ta ce kujera ta masu kamfani ce, ba a kyauta da ita, kuma Malam Ilu ɗan gida ne har sai ya bi ta inji. Na ce to zan je in yi wa masu kamfanin magana. Ta ce sun tafi neman wani a waje. Na ce wa Malam Ilu ya tsaya ya koya mini aiki. Ya ce aiki kam na iya shi, har akwai abubuwan da ya gani a wurina ya ce da ma tun da haka ake yi. Dabara ta ƙare mini. Injin yana ta gurnani a ƙarƙashinmu, zafinsa yana bugun fuskata.

Sai na faɗa masa abin da ya rage. Na ce idan ya shiga, duk abin da ya sani game da mutanen wurin nan akuya ce za ta lashe, kuma a Kano za su ba shi faranti da cokali su rage murya in ya shigo. Na ce ni a garin nan kaf ban san kowa ba sai shi, shi ɗin ma iyakarmu gaisuwa.

Sannan ya kira ni da sunana, babu ranka ya daɗe, karo na farko tun da muka haɗu.

"Hashimu, kai da an riƙe rigarka a Argungu, da ka tsaya?"

Na yi tunani da gaske kafin in amsa. Na tuna ranar da na fito da jakata, kowa ya rako ni har bakin ƙofa, ana ta yi mini addu'a da fatan alheri, hannuwa duk a sama.

Na ce, "Ban sani ba, Malam Ilu. Ba wanda ya riƙe."

Ya sunkuyar da kai ya dubi hannuna a jikin rigarsa. Yatsuna sun ƙage, amma ban saki ba. Ya dubi bakin injin, ya sake duban hannun. Akuyar ta daina tuƙa. Har ruwan da ke hawa ya tsaya cak a iska, ɗigo-ɗigo, yana ƙyalli a tsakaninmu. Na tambaye shi ko zai tsaya.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya buɗe baki zai ba ni amsa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne tur, tur, tur, sai ƙarar ta mutu. Ya sake buɗewa, tur, tur.

Na buɗe ido. Gari ya waye, haske ya shigo ta labule. Maƙwabcina ne a bakin taga yake ta bugun babur ɗinsa ya ƙi tashi, yana tsaki yana sake bugawa. Na duba hannuna, na ga gidan sauro na damƙe, har na tsinke masa igiya ɗaya. Na kwanta a haka ina saurare har babur ɗin ya kama, ya fita lungu, ƙararsa ta yi nisa ta ɓace.

Amsar Malam Ilu dai ban ji ta ba. Sai dai in wanke fuska in je in tambaye shi ido biyu.